Korbe a Gonar Baba

Ko zan manta komai na ƙuruciyata, ban da safiyar da aka yi korbe a gonarmu. Har yau in na ga ciyawa ta shaƙe hatsi a bakin hanya, ita nake tunawa.

Ina lakwal, wato firamare, a lokacin, ban shiga kwaleji ba. Babana kabu-kabu yake yi da moto, wato babur, tsakanin Dogo-Dogo da kasuwar Malawa. Da bazara ya faɗi a rairayi da buhu a bayansa, ƙafarsa ta karye wuri biyu. Maɗori ya yi iya ƙoƙarinsa, ta haɗu amma a karkace. Moton ya tafi wajen magani, rumbu kuma muka cinye shi har ƙasa. Da ruwa ya sauka ni da Inna da ƙannena muka yi shuka, sai dai noma ya fi ƙarfinmu. Ciyawa ta taso ta rufe hatsin.

Ni yarinya ce marar magana, shi ya sa manya kan manta ina wuri. A haka na ji Baba na gaya wa Inna zai ba wani ɗan kasuwa gonar jingina. Gonar kakanmu ce, kuma a garinmu gonar da ta shiga jingina da wuya ta dawo. Inna ta ce ya kira gayya mana.

"Da me zan ciyar da su?" in ji shi. "Mai gayya da furarsa ake saninsa. Ba zan tara mutane su yi mini noma su koma gida da yunwa ba."

Ba ƙafar ce ta fi damuna ba. Baba ya daina zama a zaure, ya kashe rediyonsa, ya juya tabarmarsa tana kallon bango. Wata rana wani abokinsa da suka yi lakwal tare, direban taksin garin Waca, ya zo duba shi, ya ce zai tara masa mutane. Baba ya ƙi, har da ɗaga murya. Da mutumin zai fita na lura ya tsaya gaban rumbunmu, ya daɗe yana kallon bakinsa da aka bari a buɗe.

Ba a daɗe ba, wata safiya muka ji ƙarar motoci da sallama a ƙofar gida. Direban ne, tare da majo, babban ma'aikacin jinya na asibiti, da wani mai shago a Malawa, da wata mata mai sayar da man gyaɗa, da wasu da ban sani ba. Kowa da hauyarsa da ɗan ƙullinsa. Suka shigo tsakar gida suna kiran "Shef! Shef!" A ranar na san cewa Baba ne shugaban ajinsu suna yara.

Bai ko juyo ba. Ya ce, "Na gaya maka ban kira gayya ba."

"Wa ya yi maganar gayya?" in ji direban. "Korbe muka zo. Ka taɓa ganin inda aka ba ɗan korbe fura?"

Korbe shi ne aikin da mushe, malamin aji, ke sa ƴan lakwal, shara ko ɗebo ruwa ko itace. Shef ke rabawa, kuma ba a ciyar da kowa. Mu ma muna yi, ban taɓa zaton zan ji kalmar a bakin masu furfura ba.

Mai man gyaɗa ta ɗora hannu a ƙugu. "Shekara nawa kana tura mu rijiya, ko loma ba ka taɓa ba mu ba? Yau ne kunya ta kama ka?"

"Mu dai ba mu san iyakar gonar ba," in ji majo a hankali. "In shef bai taso ba, ta maƙwabci za mu nome."

Daga inda nake raɓe jikin randa na ga Baba ya juyo daga bango. Can ya ce da ni, "Miƙo mini sandata."

A amalanke aka kai shi. Ya dogara da sanda a bakin gona, ya nuna musu su fara daga gabas. Da farko muryarsa ba ta fita sosai. Da rana ta ɗaga, direban ya tsaya yana fifita da hula, sai na ji Baba ya daka tsawa: "Kai! Har yanzu lalacin nan bai sake ka ba?" Aka fashe da dariya. Ni ban yi ba, don rabona da jin wannan muryar tun kafin ya faɗi. Na kuma ga tafin hannun majo ya yi bororo har ya fashe. Ya ɗaure da hankici, kullum Baba ya waiwayo sai ya ɓoye hannun a bayansa.

Da azahar suka zauna gindin tsamiya, kowa ya kwance ƙullinsa. Mai man gyaɗa ta tura ƙwaryar furarta gaban Baba ta ce, "Shef ke fara sha, haka dokar take." Ban taɓa jin wannan dokar a lakwal ba, amma ya ɗauka ya sha. Inna ta kau da kai ta goge ido da mayafi.

Sun dawo lokacin maimai, wato noma na biyu, sun dawo lokacin girbi. Mai shago ya ba Baba tsaron shagonsa ranar kasuwa. Da ɗan kasuwar nan ya zo maganar jingina, a zaure ya tarar da Baba, ya kuma koma yadda ya zo. Da wata daminar Baba ya kira gayya ta gaske, Inna ta dama furar da sai da aka bar saura.

Na girma kafin na gane abin da suka yi. Noman kowa zai iya. Amma sun san abokinsu, sun san ya gwammace ya rasa gonar ubansa da a ce an yi masa sadaka, sai suka nemo wa taimakon sunan da zai karɓa ba tare da ya sunkuyar da kai ba. Tun daga nan, in zan taimaki wani nakan fara tunanin da wane suna zan kai masa.