Baba Abednego na Damilu, Mai Goge Mota da Yumɓu

Ƙarfe shida da rabi na safe Baba Abednego yake buɗe ƙofar wurin wankin motarsa a unguwar Damilu da ke Jimeta. Ba da mota yake farawa ba. Sai ya share simintin da ke ƙarƙashin rumfa, ya watsa ruwa, ya sake sharewa, har ya taka ba takalmi bai ji yashi ba. Daga nan ya cika bokiti biyu, ya kaɗa sabulu a ɗaya, ya fito da gwangwanayen madara guda uku ya jera a kan benci. Kafin ƙarfe goma sha ɗaya, lokacin da ranar Yola ke mayar da bonet kamar kaskon tuya, ya gama duk aikin da ke buƙatar natsuwa. Kwana shida a mako haka yake yi. Lahadi yana coci tare da matarsa, Mama Fibi. Mutumin Numan ne, ya zo Jimeta yana saurayi, yau shekararsa talatin da ɗaya a wannan sana'a. Ƙarshen watan nan zai ajiye ta.

Abin da ke cikin gwangwanayen nan shi ya bambanta shi da sauran masu wankin mota. Wani yumɓu ne na kanti, mai danƙo, girman sabulun wanka, 'yan sana'ar suna ce masa kile. Mota ko an wanke ta fes, akwai abin da ruwa da soso ba sa cirewa: ɗigon kwalta, danƙon itace, ƙurar ƙarfe, feshin fentin da iska ta kwaso daga garejin wani. Idan mutum ya sa hannu cikin leda mara kauri ya shafa jikin motar, zai ji su kamar tsaki. Yumɓun ne ke tsince su idan aka murza shi da ruwan sabulu. Matsalar ita ce yumɓun da ke tsince datti yana iya ƙuje fentin, ya bar shi dishi-dishi da ƙananan zane waɗanda ba a gani sai mota ta fita rana.

Iri uku yake ajiyewa. Farin mai laushi ne, ba ya cutar da fenti amma yana cin lokaci. Shuɗin matsakaici ne, yana yi wa farar mota ko ruwan toka aiki lafiya, a kan baƙar mota kuwa sai da taka-tsantsan. Jan mai kaushi ne, shafa biyu ya ɗauke kwalta, amma kusan kullum yana barin tabo, sai an bi da injin foli mai dawo da ƙyalli, shi kuma injin yana rage kaurin fentin. Yakan ce launin ba doka ba ne, kowane kamfani da nasa, don haka ba ya yarda da abin da aka rubuta a kwali. Akwai tsohon baƙin bonet da ya jingina a bangon rumfar. Duk sabon yumɓun da ya shigo hannunsa a kansa yake fara gwadawa.

Na taɓa ganin wannan gwaji da idona. Apollos, wani ɗan kasuwa mai kawo kayan mota daga kudu, ya zo da sabon iri, ruwan ɗorawa, yana ta yabonsa.

"Oga, wannan shap-shap ne. Minti goma ka gama mota. Duk Jimeta an saya, kai kaɗai ka rage."

Baba Abednego ya ɗauko alli. Ya raba bonet ɗin gida uku da shi, ya goge gida ɗaya da farinsa, ɗaya da shuɗin, ɗaya da na Apollos. Shafa ashirin-ashirin, ruwan sabulu iri ɗaya. Ya share da tawul, suka ɗauki bonet ɗin su biyu suka kai rana. Gida biyu suna ƙyalli, na ukun kamar an hura masa numfashi.

"Ka gani?" in ji shi. "Kayanka ba banza ba ne. Ka kai wa masu tifa da masu tanka, zai yi musu. Nan wurin, motan mutane nake taɓa."

Apollos ya yi dariya ya mayar da kayansa jaka. Har yau abokai ne.

Labarin da ya sa na ɗauki alƙalami kuwa daga bakin Malama Raliya na ji shi, sannan biyu daga maƙwabtan wurin suka tabbatar mini. Malamar firamare ce 'yar Mubi. A ƙarshen 2014, da 'yan bindiga suka shiga garin, ita da mijinta Malam Bappayo suka fita da ƙafa, suka bar motarsu a ƙofar gida saboda hanya ta toshe. Malam Bappayo yana da ciwon suga, maganinsa ya ƙare a daji. A hanya ya rasu, kwana biyu kafin sauran su iso Yola. Ita ta sauka gidan ƙanwarta a unguwar Makama.

Bayan wata huɗu aka aiko mata cewa an ga motar a bayan gari, ƙarƙashin wata bishiya. Fijo ce shuɗiya mai duhu. Hukuma ta ba ta takardar karɓa, aka jawo motar zuwa Jimeta. Injin bai lalace sosai ba. Amma waɗanda suka yi amfani da ita sun fesa rubutunsu da baƙin fenti a ƙofofi huɗu, manyan baƙaƙe. Wanda ya jawo ta sai da ya shafe ƙofofin da taɓo kafin ya kama hanya.

Masu fenti biyu suka ce a kankare a sake fesawa gaba ɗaya. Malama Raliya ta ƙi. Ta ce mini: "Shi ya zaɓi launin nan. Duk Juma'a shi yake wanke ta da hannunsa. In aka sake fenti, wata mota ce, ba tasa ba." Wani ya ce a zuba tina, ruwan da ake tsinka fenti da shi, ɗaya daga masu fentin ya ce tina za ta narkar da ƙyallin saman. A ƙarshe aka kwatanta mata Damilu.

Da Baba Abednego ya wanke taɓon, rubutun ya fito, mutanen layin suka taru. A watannin nan kowa a tsorace yake a Jimeta, ganin irin wannan rubutu kaɗai ya isa a rufe wa mutum shago ko a yi abin da ya fi haka. Wani maƙwabci ya ce masa a fili ya fitar da motar daga unguwa kafin azahar. Bai yi gardama ba. Ya rufe ƙofofin da tsohon zanen gado, ya karɓi takardar hukuma daga hannun Malama Raliya, ya taka har gidan Jauro, mai unguwar. Jauro ya zo da kansa ya duba, ya karanta takardar.

"Kwana nawa za ka yi?" in ji Jauro.

"Ban sani ba tukuna, Baaba. Sai na gwada."

"To gwada. Wanda yake da magana ya same ni a gida."

Ya gwada yumɓun nan uku a ƙasan ƙofar baya, inda wutsiyar rubutun ta sauka. Jan ya ɗauke baƙin fentin nan take. Da wannan zai gama a yini ɗaya, motar ta bar unguwa, hankalin kowa ya kwanta. Sai da ya tura motar rana ya ga abin da ya faru: inda jan ya bi, fentin ya dusashe daidai da siffar baƙin da ya cire. Rubutun ya tafi, inuwarsa na nan, ana iya karanta ta. Shuɗin ya bar tabo kaɗan. Farin bai bar komai ba, amma faɗin yatsa biyu ya ci masa kusan rabin awa.

Ya kira Malama Raliya, ya nuna mata da Hausarsa ta Jimeta wadda ba ta raba mace da namiji.

"Malama, ka duba nan. Wannan ni na ɓata, ba su ba. Da ja zan gama yau, amma duk ranan da rana ya haska za ka ga rubutun. Da fari kwana biyar ne, ko shida."

"Baba, maƙwabtanka fa?"

"Maƙwabta nawa ne. Motan naka ne. Faɗa mini wanda kake so."

Ta ce fari. Kwana shida ya yi. Ya daina karɓar wasu motoci. Yana yanko yumɓun ƙanana, ya murza faɗin tafin hannu, ya ninke shi ya ɓoye baƙin da ya ɗebo, ya sake murzawa. Guntun da ya faɗi ƙasa ya yar, don ƙwayar yashi ɗaya ta isa ta ja layi daga gaba har baya. Farin da yake da shi ya ƙare a rana ta huɗu, ya tafi kasuwa ya zagaya shaguna har ya samo. A rana ta biyar maƙwabcin da ya ce a fitar da motar ya zo ya tsaya yana kallo, can ya ɗauki bokiti ya ɗebo masa ruwa.

Motar tana nan. Malama Raliya ta zauna a Yola, tana koyarwa a wata makaranta, ita ke tuƙa ta. Na zagaya ta da tsakar rana ban ga baƙi ko ɗaya ba, sai da ta nuna mini da yatsa wani wuri kamar girman kwabo a ƙasan ƙofar baya, inda jan ya bi. Ta ce Baba Abednego ya so ya bi shi da inji, ta hana.

Dalilin ajiye aikinsa ni ya fara faɗa wa, domin a kan motata abin ya faru. Watan jiya na kai masa ita. Da na dawo ɗauka, ya riƙe makullin, ya ja ni zuwa bonet, ya nuna mini wasu siraran layuka uku waɗanda da bai nuna ba ba zan gani ba.

"Yashi ya shiga kile, ban ji ba," in ji shi. "Yatsuna sun fara mutuwa. Likita ya ce jijiya ne. Da, ko ƙwaya ɗaya ne zan ji. Yanzu sai na gani da ido, lokacin kuma ya riga ya yi ɓarna."

Na ce masa ai ba komai, motar ma ta tsufa. Ya ce ba maganar motata ba ce. Ya gyara layukan, ya ba ni makulli, ya ce ƙarshen wata mai zuwa zai rufe. Ba wanda ya kai ƙararsa, ba wanda ya ma lura. Shi ya auna kansa kamar yadda yake auna kayan Apollos, ya ga sakamakon, ya yanke hukunci.

Baba Abednego, kai ne mai hannun da ba ya gaggawa. Kai ne ka nuna wa mai mota ɓarnarka kafin ya gano ta, sau biyu da na sani, kuma na tabbata akwai waɗanda ban sani ba. Kai ne ka bar motar da kowa ke gudu ta kwana shida a rumfarka, don wata baƙuwa da ba ka taɓa gani ba ta samu abin mijinta yadda ya bar shi. Ba a ba ka lambar yabo ba, ban kuma ji kana nema ba.

Mun gode. Allah Ya ba yatsun nan lafiya, Ya ba ka hutu mai daɗi kai da Mama Fibi. Masu wankin mota da makanikai da masu fenti na Jimeta da Yola, da mu da muke aikin ofis, saura 'yan kwanaki kafin ya rufe. Wanda ya samu hali ya je Damilu da safe, ya tsaya gefe ya ga yadda ake taɓa kayan da ba naka ba.