Ƙarar da Ba a Mota Take Ba

Har in koma ga Mahaliccina ba zan manta da ranar da Sista Rabi ta kashe mini inji a bakin titin Apo ba. Abin ya faru ne a shekarun farko bayan sojoji sun koma bariki, lokacin da Abuja ta cika da motocin tokumbo, wato na hannu da ake shigowa da su daga waje, kowane ma'aikaci yana so a gan shi a bayan sitiyari. Aiki ya yi mana yawa, abinci ma a tsaye muke ci.

A lokacin ni ne babban bakanike a garejin Oga Lasisi da ke Apo, wani dattijo mutumin Ilori da ya koya mini sana'a tun ina ɗan saurayi. Ga wanda bai san tsarin gareji ba, oga shi ne mai wuri, shi ke karɓar mota, shi ke sallamar mai ita. Daga shi sai babban bakanike, sannan sauran ma'aikata. Ƙa'idarmu ita ce ba a kwance ko noti ɗaya a inji sai babban bakanike ya saurara tukuna. Ba mu da na'urar kwamfuta irin taku ta yanzu. Doguwar sukudireba ake samu, a dafa bakinta a jikin inji, a manna ƙotar a kunne. Da haka nake gane ciwon mota kafin a buɗe ta, har aka sa mini suna Garba Mai Kunne. Ba yabon kai ba, daga Wuse har Karu ana kawo mini mota don in saurara kawai. Da kunnen nan nake ciyar da mata da 'ya'ya huɗu.

Sista Rabi babbar nas ce a sashen kunne, hanci da maƙogwaro na wani asibiti a cikin gari. Tsohuwar Fijo gare ta, tana ji da ita kamar 'yar fari. Ran Litinin ta kawo ta a canja mai, shi ke nan. Bayan an gama na ɗan zaga da ita don gwaji, sai na ji ɗas, can kuma ɗas. Na dawo na tsaya a tsakiyar gareji, kowa yana ji, na ce, "Hajiya, motar nan ba za ta fita yau ba. Akwai ƙara a cikinta."

Ta ce ita ba ta taɓa ji ba. Na yi dariya na ce ai shi ya sa ake kawo mana.

Ranar na buɗe saman inji, ban ga komai ba. Talata na sauke ƙafafun gaba, lafiya lau. Baiwar Allah tana ta fama da shiga bas daga Kurudu zuwa wurin aiki, ga damina. Da azahar ɗin Talatar nan ina tsaye a sahu, liman ya tayar da salla, na haɗiye yawu, sai na ji ɗas. A cikin masallaci! Babu mota, babu inji.

Na gane a kaina abin yake. Amma da wane baki zan faɗa? Na riga na cika baki a gaban kowa. Idan aka ji kunnen Garba ya fara yi masa ƙarya, wa zai sake kawo masa mota? A Apo labari ba ya kwana.

Mutum ɗaya na gaya wa, abokina Bala mai walda. Ya ce, "Haba, wannan ne ya dame ka? Kwanta nan." Ku kun san halinmu na kanikawa, man birki ne maganin komai a wurinmu. Yanka, ƙuna, ƙaiƙayi, duk shi muke zubawa. Bala ya cika murfin kwalba ya tuttula mini a kunnen dama, ya bi da tsinken ashana wai yana buɗe hanya. Kai! Kamar an zuba mini barkono. Kafin la'asar kunnen ya toshe ɗif, ƙarar kuma tana nan daram.

Ran Laraba Oga Lasisi ya tare ni da irin Hausarsa. "Garba, wannan mota na Hajiya, me ya hana shi fita? Kwana uku fa." Ina cikin kame-kame sai ga Sista da farin kayanta. Ba ta yi faɗa ba. Ta ce in mayar da komai, mu fita tare ta ji ƙarar da kunnenta.

Muna tafe ina tuƙi, ita tana gefe. Don ƙarfin hali na ce, "Kin ji ko?" Ta ce a'a. Can na sake cewa, "Ga ta nan." Ashe ba motar take saurare ba, wuyana take kallo. Ta ce in gangara gefe. Ina tsayawa ta miƙa hannu ta murɗa makulli, inji ya mutu.

"Malam Garba, haɗiye yawu."

Na haɗiye. Ɗas.

"Ka ji ta?"

Na sunkuyar da kai. Kunya ta rufe ni, na rasa inda zan sa fuskata.

"Tun yaushe kake mura?"

Na ce ta kai sati uku, tun wani ruwa da ya dake ni a kan babur.

"Me ka zuba a kunnen? Ga shi ya yi ja, har wari yake."

Da na ce man birki, sai da ta dafe ƙirji. "Innalillahi! Kunnen naka kafireto ne?"

A nan cikin mota ta yi mini bayani yadda zan gane. Ta ce akwai wata 'yar siririyar hanya daga bayan hanci zuwa cikin kunne, aikinta daidaita iska. Duk sanda mutum ya haɗiye yawu ko ya yi hamma sai ta buɗe. Idan mura ta kumbura ta, majina ta cika ta, sai ta riƙa buɗewa da ƙyar, shi ne ƙarar da nake ji. Ta ce wani kuma dauɗar kunne ce ke taruwa, wani ruwa ne ya shige, wani ma gaɓar muƙamuƙinsa ce ke ƙara. Yawanci abu ne mai sauƙi. Abin da ba shi da sauƙi shi ne ɓarnar da ni da Bala muka yi.

Na ce, "Hajiya, don Allah ki rufa mini asiri. In kunnen nan ya tafi, ba ni da wata sana'a."

Ta ce, "Asirinka a rufe yake. Koma wancan gefen, ni zan tuƙa."

Ita ta kai ni asibitinsu a motar da na hana ta kwana uku. Ta nuna mini inda zan yanki kati, na bi layi kamar kowa. Likita ya leƙa kunnen da wata 'yar fitila, ya daɗe yana dubawa. Ya ce man ya ƙona fatar ramin kunne, tsinke ya ƙarje ta, amma Allah Ya kiyaye, dodon kunnen bai huje ba. Aka tsabtace shi, aka ba ni maganin ɗigawa saboda ƙunar, da na fesawa a hanci saboda murar. Aka ce in riƙa sirace da ruwan zafi, in riƙa hamma da tauna cingam, kada in sake cusa komai, ko auduga. Idan na ga ruwa na fita, ko jiri, ko ji ya ragu, in dawo a ranar. Bayan sati biyu aka sa ni a wani ɗan ɗaki, aka ɗora mini abin saurare a kai, ana sakin sauti ina ɗaga hannu. Da likita ya ce jina yana nan ƙalau, ban san sanda hawaye ya zubo mini ba.

Sista ta cika alkawari, ba ta gaya wa kowa ba. Ni ne abin ya tsaya wa a rai. Na tara 'yan gareji na faɗa musu komai da bakina. Suka yi ta dariya, Bala har da faɗuwa daga kan benci, aka yi wata guda ana kirana Oga Ɗas-ɗas. Amma mota ko ɗaya ba a fasa kawo mini ba.

Oga Lasisi kaɗai bai yi dariya ba. Da aka watse ya ja ni bayan shago, ya rage murya. Ya ce kunnensa na hagu ya yi shekaru yana zubar da ruwa, yana ta ɗura masa mai, yanzu ba ya jin komai da shi, ko matarsa bai gaya wa ba. Ya ce, "Ka kai ni wurin wannan Hajiya."

Na kai shi. Likita ya ce na hagun ya riga ya tafi, sai dai a lallaɓa na daman. Da muka dawo, muna isowa ƙofar gareji dattijon nan ya ce, "Da na samu wanda ya kashe mini inji tun da wuri."

Mu kanikawa mun iya gaya wa mutum ciwon motarsa, amma namu ciwon sai mu ɓoye shi saboda tsoron dariya. Ni Allah Ya haɗa ni da matar da na wahalar, ta saka mini da alheri, kuma kullum tana cikin addu'ata. Shekarata ashirin a ƙarƙashin Oga Lasisi, kullum ina tsaye ta hagunsa ina zuba masa bayani yana gyaɗa kai. Daga ranar nan na koma ta damansa.