Inabin 'Yar Fari

Maigidana bai taɓa kiran sunan 'yarmu ta fari ba. Bakanon da ne, kunyar ɗan fari a jininsa take, ko da yake a unguwar Tandabawi ta Makka aka haifi yarinyar, cikin 'ya'yan Larabawa masu ɗare wuyan iyayensu suna ja musu gemu. "Yarinyar nan" yake ce mata. In ta shigo ɗaki sai ya tuna yana da abin yi a waje. Tana ƙarama takan tambaye ni da Larabcinta ko babanta ba ya sonta ne, ni kuwa in kore ta: "Tafi can, wa ya ce miki so a baki yake?"

Aikinsa a kan duwatsun Ɗa'ifa yake, a gonar inabin wani dattijon Balarabe. Wuri ne mai sanyi, inda hazo ke sauka har kan rassa mu muna Makka muna narkewa. Shekarar da aka haifi yarinyar ya roƙi dattijon ya ba shi layi guda a gefen gangare, ya dasa baƙin inabi da hannunsa. Shi ke sassabe shi da sanyi, shi ke ɗaure rassan a jikin sanduna, shi ke kore tsuntsu in 'ya'yan sun fara duhu. Sau ɗaya tak ya gaya min dalili. Ya ce ranar auren yarinyar nan, ruwan wannan layin za a sha. Daga nan bai ƙara tayar da maganar ba.

Matsewar kuwa tawa ce, kuma ba yabon kai ba, daga unguwarmu har Misfala babu mai jan ruwan inabi irin nawa. A tambaya a ji. Ba na ɗora shi a wuta, ba na zuba sukari. In tsinke 'ya'yan daga reshe, in wanke, in murje da hannu, in bar ɓawon a ciki a cikin tallaja, wato firij, har jan ya fito, sannan in tace da farin ƙyalle. Doka ɗaya gare shi, kada ya ga zafi. Inabi ba ya da haƙuri. Ka bar shi a ɗumi ya fara kumfa, to ya kama hanyar zama abin da Allah Ya haramta.

Shekarar da aka sa ranar bikin yarinyar, dattijon ya rasu, 'ya'yansa suka sayar da gonar ga masu gina wurin shaƙatawa. Girbin ƙarshe ke nan. Maigida ya sauko da kwandunansa a bayan motar wani abokin aikinsa, na murje, na cika barmil biyu, wato durom na roba, na saka a babbar tallajar da muka aro. Kwando ɗaya ƙarami ya ware, mai 'yan ƙananan nonna daga itacen farko, ya ce na amarya ne ta tafi da shi gidanta.

Cikin baƙin biki akwai yayarsa, wadda ta zo Umara daga Kano ta tsaya. Mace ce mai zafin nama, ba ta iya ganin aiki ta zauna. Ni ina can gidan maƙwabciya inda aka killace amarya, muna fama da lalle da masu ɗinki, har na kwana biyu ban leƙa kicin ba. Aka kawo naman biki babu wurin sawa. Yaya ta buɗe tallaja ta ga jan ruwa da ɓawo yana yawo a kai, ta ce wa ya ga zoɓo yana tare wa nama wuri? Ta sa aka fito da barmil biyun aka kai ƙarƙashin bene. Ta ɗanɗana ta ji bai kai mata ba, ta antaya sukari, ta rufe ruf, don ya jiƙu ya yi daɗi kamar yadda ake yi a gida. A zafin Makka fa!

Da safiyar ranar walima na zo tacewa. Ina kama murfin na ji ya kumbura. Na murɗa, ya yi min tsaki. Kumfa ta taso, wani wari ya daki hancina.

"Yaya, wa ya fito da wannan?"

"Ni ce. Ai gyara miki na yi, salam yake ba zaƙi."

Wallahi ban san lokacin da na ɗora hannu a ka ba. Ina da baki, kowa ya sani, ranar kuwa Allah ne Ya riƙe min shi, don ta girme ni kuma baƙuwa ce, baƙo kuwa ko da ido makaho ne. Na ce, "Yaya, ba zoɓo ba ne. Inabi ne, ya juya."

Ta lakata da yatsa ta lasa. "Haba ke kuwa, ɗan tsami ne kawai, kamar kunun zaƙi in ya kwana. A ƙara ƙanƙara, wa zai sani?"

"Ni na sani. A garin nan, muna jin kiran sallar Harami daga tagarmu, in miƙa wa mutane abin da nake shakka? Ba da hannuna ba."

Wataƙila bai kai ga sa maye ba. Ni ba malama ba ce, kuma ban tsaya neman fatawa ba. Tun da na fara sana'ar nan ban taɓa ba wa ɗan Musulmi kofin da zuciyata ba ta kwanta da shi ba, ba kuma zan fara a bikin 'yata ba. Abin da ya fi min wuya shi ne kiran maigida.

Ya zo, ya sunkuya, ya shaƙa. Ya daɗe a sunkuye. Na ce, "Malam, ka yi haƙuri." Ya ce, "Ta faru ta ƙare, an yi wa mai dami ɗaya sata." Sai ya naɗe hannun riga ya kama kunnen barmil ɗaya, na kama ɗayan. Muka tuntsurar a magudanar tsakar gida. Jan ya bi lambatu ya fita lungu, maƙwabta suna leƙowa. Yaya ta zauna a kan matakala tana kuka, shi ya koma yana ba ta baki. Ni ma na yi kukan, amma ban taɓa jin girman mutumin nan ya cika min ido kamar ranar ba.

Saura ƙaramin kwandon amarya. Na aika aka tambaye ta, ta ce a matse. Yaya ta share hawaye ta ce ita za ta tsinke, na bar ta. Muka murje, muka tace nan take, ya fito ja-ja, bai kai duhun wancan ba, bai kuma wuce cikin buta ɗaya ba. Na ce a kawo finjalan gahawa. Kowa ya sami kurɓi guda, dattawa tukuna, sannan dangin ango. Sauran jama'a shayi da lemo suka sha, kuma babu wanda ya yi ƙorafi, don labari ya riga ya zaga unguwa. Wata tsohuwa 'yar Cadi ta riƙe hannuna ta ce daga yau ko da ido rufe za ta sha abin da na miƙa mata.

Maigida shi ya tsaya yana nuna wa masu rabo wanda bai samu ba, har butar ta ƙare. Shi bai ɗanɗana ba. Da la'asar ya janye jikinsa ya koma ɗan ɗakinsa na kan bene, kamar yadda uban 'yar fari ke yi. Na bi shi da abinci, na tarar da shi zaune yana kallon hannayensa.

Sai muka ji takun sawu da ƙarar awarwaro. Amarya ce, da lallenta da mayafinta, ta baro ɗaki cike da mata ta hau bene, abin da ba a yi. Finjalinta ne a hannunta, ta kurɓi rabi ta rage rabi. Wata cikin matan da ta taɓa ji a bakina ce ta gaya mata tarihin layin inabin, abin da ni ban taɓa gaya mata ba. Ta durƙusa a gabansa. Hausarta ba ta da ƙwari, amma ranar da Hausa ta yi magana.

"Baba, kai ba ka sha ba."

Na zaci zai tashi ya ce yana da abin yi a waje. Bai tashi ba. Ya karɓa da hannu biyu ya shanye, ya riƙe finjalin a tafinsa. Sannan ya ɗaga ido ya dube ta, ya kira sunanta.