Jitar da Muka Naɗe Cikin Tabarma

Ba ni mantawa da ranar da na ɗauko Malam Nasiru da jitarsa daga Maraɗi, cikin damanar bara waccan. Ku da kuka shigo kabu-kabu kwanan nan kuna yi mini tsiya, wai ina sa a kwance kowane dogon kaya kafin in ɗaura shi. To, ga dalilin.

Ga wanda bai san aikinmu ba, mu ne masu babura da ke tsallaka iyaka daga Sabon Birni. Fasinja yakan zo wurin ciyaman, ciyaman ya haɗa shi da wanda layi ya zo kansa. Ƙa'idar da muka tarar ita ce, kayan fasinja amana ne, a rufe su ruf, kada idon hanya ya gani.

Malam Nasiru malamin firamare ne, magidanci. Ya ga Buzaye suna kaɗa jita a wani biki, abin ya shiga ransa. Amma gidansu ba gidan kiɗa ba ne. Tsohonsa dattijo ne mai sayar da hatsi, don haka Malam ba ya son kowa ya sani.

Ni na kai shi Maraɗi sayen jita. A shagon muka iske iri biyu. Akwai ta katako mai rami a ciki, wadda ke ƙara da kanta. Akwai ta lantarki, ja, siririya, mai nauyi, wadda sai an jona ta da waya zuwa akwatin sifika. Malam ya rungume jar nan ya ƙi saki.

Mai shagon ya ce, "Akwai kuran garinku?" Wutar lantarki ke nan a bakinsu.

"Za ni nemi batir," in ji Malam.

Ni kuwa sai na sa baki. Na ce, "Malam, waya da batir da akwati bisa babur, cikin wanga zamani? In anka tambaye mu, mi za mu ce?"

"Kai Ummaru, ko ƙwai anka ba ka sai ka ce bam ne!"

Mai shagon ya yi dariya, amma ya goyi bayana. Ya ce mai koyo ya fara da ta katako, yatsu su yi kanta tukuna. Ya nuna masa inda zai ɗora yatsu uku, ya ba shi wata 'yar roba ta kaɗawa. Da ƙyar Malam ya yarda. Sai dai ya dage a naɗe ta cikin tabarma, ya rataya ta a baya. Raina bai so ba, amma ƙa'ida ce, na ɗaure.

Bayan la'asar muka shigo daji, gero ya fi mutum tsawo ta kowane gefe. Kusa da wani ƙauye da ba za ni faɗi sunansa ba, wasu mata masu itace suka hango mu: mutum biyu bisa babur, da dogon abu a baya. Suka watsar da itacen suna kururuwa. Ban ga laifinsu ba, ɓarayin daji sun sha shigar musu.

Kafin in juya, maza sun fito daga cikin gero da gora da bindigogin toka.

"Ku kwanta! Wanda ya motsa ya mutu!"

Na kwanta, bakina cikin laka, ina kalmar shahada. Ina jin bakin bindiga mai sanyi a ƙeyata. Tunanin 'ya'yana kawai nake.

Shugabansu, wani tsohon maharbi, ya ce, "Mi ke cikin tabarmag ga?"

Malam ya yi shiru. Ashe ya gane wani cikinsu da ke sayen hatsi wurin tsohonsa. Ga mutuwa a kanmu, shi kunya yake ji!

Na ce, "Baba, jita ce! Abin kiɗa! Malam, don Allah yi magana!"

Suka ja da baya, suka sa shi ya kwance da hannunsa. Wani mai jan ido ya ɗaga ta ya girgiza, sai wani abu ya yi ƙwarƙwar a ciki.

"Harsashi! Masu kai ma ɓarayi kaya ne!"

Nan na tabbata mun gama. Maharbin ya karɓa, ya kifa ta, 'yar robar nan ta faɗo ƙasa. Ya leƙa ramin, ya cusa yatsu, bai iske komai ba. Ya miƙa wa Malam.

"In taka ce, kaɗa mu ji."

Malam ya ɗora yatsu ukun nan. Abin da ya fito ba ya da daɗi ko kaɗan, amma ƙara ce ta tsirkiya, kowa ya ji. Maharbin ya ce, "Wanga kiɗa ko tsuntsaye ba ya kora daga gona. Ku tashi."

Bindigar ta bar ƙeyata. Na kasa tada babur, sai wani cikinsu ya taka mini.

Har yau nakan tuna jar nan: ba rami da za a leƙa, ba ta ƙarar kirki sai da wuta, ga waya, ga batir, ga akwati. Ban san ko za su tsaya jin bayani ba.

Labarin ya riga mu isa gida. Tsohon Malam bai yi faɗa ba. Cewa ya yi, in koyon zai yi, ya yi a zaure inda kowa ke ganin abin da ke hannunsa.

Washegari na gaya wa ciyaman, ya tara mu ya sauya ƙa'ida. Abin da na koya shi ne, rufin da ya tsare kayan fasinja a da, yanzu shi ke iya kashe direba, don mutanen hanya a tsorace suke kamar mu. Ku yi ta tsiyarku. Ko taɓarya ce, a buɗe za ni ɗauke ta.