Mai Gwangwanin Ruwan Sama ta Illela

Da ta idar da sallar asuba, kafin ta hura wuta, bayan gida take zagawa. Can akwai wani gwangwani a kan turke. Ta juye ruwan da ya taru a cikin kwalba mai layi-layi, ta duba, ta rubuta da ajami. Ranar da ba a yi ruwa ba ma sai ta rubuta babu. Shekara goma sha biyu ke nan.

Ma'aunin nan ba ita aka ba ba, mijinta Malam Halilu malamin gona aka ba. To shi kullum yana rangadi tsakanin Tozai da Lafani, ruwa kuwa ba ya jiran mai keke ya dawo. Ita ke awo, shi ke mayarwa boko ya sa hannu. Garin nan kowa Mai Gwangwani yake ce mata.

Wani manomi, Dabo na Garu, ya shaida mini cewa shekarar da aka sami 'yancin kai, ruwan fari ya sauka, mutane suka yi ta rububin shuka. Ya aika matarsa ta tambayo Mai Gwangwani. Amsa ta dawo: "Ruwan ga ba su kai na shibka ba, shi dakata." Ya dakata ana yi masa dariya. Kwana ashirin ba ɗigo. Da damina ta kankama, wurinsa masu dariyar suka zo roƙon iri.

Bara wata ƙungiya mai tallafa wa mata masu binciken kimiyya ta ji labarin takardun awon ruwa na Illela, ta aiko da fom na kwas ɗin wata shida a Zariya. Malam Halilu ya yi murna, ya cika, ya sa sunansa, don a gidansu sunan matar aure ba ya ƙetare zaure. Aka amsa masa cikin ladabi cewa gurbin na mata ne. Kafin ya gyara an ba wata. Har yau in ya tuna sai ya sunkuyar da kai, ni ma abin yana ci mini rai.

Inna Mai Gwangwani, ke ce kika auna damina goma sha biyu ba fashi, amma ko a shafi ɗaya babu ke. Mun gode, Allah ya saka. Masu 'ya'ya mata kuma, ku bar su su auna, ku bar su su sa hannu.

Watan gobe Malam zai yi ritaya, za a ɗauke gwangwanin. Na nemi izinin buga sunanta a jarida, Malam ya ce ita zan tambaya.

"Mi za a yi da sunana?" in ji ta daga bayan labule. Har na fara neman takalmana. Sannan ta ce, "Rubuta. Jikanyata ta fara karatun boko."

Sunanta Saudatu, 'yar Maccido.