Tafin da Na Yi wa Girkawa

A kamfanin jigilar kaya da nake aiki a Dubai akwai wani dattijo Bagirke, shi ke duba injinan sanyi na kwantenoni. A Khartum aka haife shi, Larabcinsa ya fi nawa nesa ba kusa ba. Wata rana muna shan shayi na cika masa baki cewa ni ma ina taɓa waƙa, alhali rabona da rubuta baiti tun ina sakandare a Kano.

"Yalla, habibi," in ji shi, "ran Asabar 'yan ƙasarmu za su karanta waƙoƙi. Ka zo."

Na saka babbar riga, na kafa hula, ya ɗauke ni a motarsa daga unguwar Al Muraƙƙabat zuwa wani gidan abinci. Ko kalma ɗaya ta Girkanci ban sani ba, amma na ƙudura zan nuna musu cewa mawaƙi ba ya buƙatar tafinta.

Wata mata ta miƙe, ta yi magana da murya mai rawa, tana nuna ƙofa. Na lumshe ido, ina gyaɗa kai. Na ce a raina, wannan kewar gida ce tsantsa. Tana yin shiru na ɓarke da tafi, ni kaɗai.

Dattijon ya ja hannun rigata. "Cewa ta yi wani ya tare mata mota. Tawa ce ma ta tare ta."

Ya fita gyara fakin, ya bar ni da idanun mutane. Na duƙufa kan zaitun kamar shi ya kawo ni.

Da ya dawo, shi aka kira. Ya karanta tasa a hankali, ba rawar murya, har na ɗauka wata sanarwar ce, na riƙe hannuwana. Sai na ga tsofaffi suna share hawaye.

A hanyar komawa na ce, "Baba, me waƙar ta ce?"

Ya ce labarin mutum ne da ya je ƙasar kakanninsa, ya yi gaisuwa da harshensu, aka tambaye shi a ina ya koya. "Ni ne. A Atina, babban birnin Girka, Basudane suke ce mini, a Khartum kuwa Bagirke."

Na so in faɗi wani abu mai zurfi. Abin da ya fito shi ne, "Allah Sarki."

Ya ce in fassara masa. Har muka iso gida ina fama.