Katantanwar Badaru

Duk wanda ya san Badaru Direba a unguwar Barkin Sale ya san mutum ne mai son a ambaci sunansa. Ba mugu ba ne, hannunsa a sake yake, ga raha. Amma a yabi wani a gabansa, nan take za ka ga ya haɗe rai. Kakansa Bakatsine ne da aikin reluwe ya kawo Minna, shi kuwa a sitiyari ya yi furfura, yana jan motar sashen nazarin halittu na jami'ar da ke Gidan Kwano.

Amininsa Ndakotsu ne, Banufe ɗan Bida, mai wanke kwalabe a ɗakin gwaji. Bakatsine da Banufe kuwa, tsokana ba ta ƙarewa. Kwano ɗaya suke ci, kowa na kiran ɗan'uwansa bawansa.

Dakta Kafayatu, wata malama a sashen, ita ta shigo musu da maganar dodon koɗi. Ba manyan nan na kasuwa ba. Nata a kogon dutse suke, farare, ba su kai ƙwayar gero ba. A ɗebo ƙasar kogo, a shanya, a zuba a bokitin ruwa, katantanwar ta taso sama a tace. Sai Dakta ta sa madubin ƙara girma, tana juya kowace da bakin buroshi, tana duban murɗinta da 'yan haƙoran bakinta. Da haka take rarrabe iri da iri.

Badaru ke kai su duwatsu, amma tumbinsa ba ya shiga tsagar kogo. Ndakotsu, siriri kamar kara, shi ke rarrafawa ciki ya fito da leda, jikinsa duk kashin jemage. Badaru yana gindin mota yana yi masa dariya.

Dariyar ta ƙare ranar da Dakta ta ce a ledar Ndakotsu an sami irin da ba a taɓa rubutawa ba. Al'adar masu wannan ilimi, wanda ya bayyana sabon iri shi ke raɗa masa suna, ita kuwa ta sa na Ndakotsu, ta maƙala masa wutsiyar Latin.

"Bakatsine, ka ji?" in ji Ndakotsu. "Ko na mutu, sunana yana nan."

"Sunan ƙwaro! Allah Ya raya," in ji Badaru.

Ya faɗa da dariya, amma abin ya tsaya masa a rai. Hassada ce, ba wani suna da za a ba ta. Shi da ya kai su, ya tura mota a laka, ko a baki ba a ambace shi ba? Tun daga ranar ya daina jin daɗin kwanon nan nasu.

Sai ya shiga nasa neman a ɓoye. Kowace Asabar ya hau babur, yau hanyar Paiko, wani makon bayan Maikunkele, duk ramin dutsen da ya gani ya zura hannu iya tsawonsa ya kwaso ƙasa. Ya san Dakta na rubuta sunan wuri a kan kowace leda. Amma ya kuma san Ndakotsu ne ke kwance ledojin. In ya rubuta, Banufen nan zai karanta, ya je ya shige can ƙurya ya kwashe masa rabo. Don haka ya riƙa juye komai a buhu ɗaya yana gaurayawa.

Da buhu ya cika ya kai wa Dakta. Bayan kwanaki ta aika a kira shi, ta nuna masa madubi. Ya leƙa, ya ga wata 'yar katantanwa tana sheƙi.

"Malam Badaru, duk namu dama suke murɗawa," in ji ta. "Wannan hagu ya yi. Ban taɓa ganin irinsa ba. A wane kogo ka samo shi?"



"Dakta, ai duk na haɗa su," in ji Badaru.



"Guda ɗaya ne, kuma babu wuri," in ji ta. "Ka ga matsalar. In ban san inda yake zaune ba, ban samo 'yan'uwansa ba, ba zan iya ba shi suna ba. Da sunanka zan sa masa."

Ndakotsu da ke bakin famfo bai tsokane shi ba, wannan ma ya fi yi wa Badaru ciwo. Cewa ya yi, "Mu koma tare, ni in shiga maka." Badaru ya ce ya gode, ba ya so.

Har yau yana hawa duwatsu shi kaɗai kowace Asabar. Ramukan sun rikice masa, wasu ma masu fasa dutse sun cinye su. Tumbin nan ya zube, yanzu babu tsagar da ba ya shiga. Katantanwarsa tana nan a 'yar kwalba kan kanta a ɗakin gwaji, takardar jikinta fara fat, kusa da mai sunan Ndakotsu. In ya shiga karɓar makullin mota ya ga ba kowa, yakan juya kwalbar Ndakotsu ta fuskanci bango.